Igiyar Takalmi

Naira dubu na biya, aka miƙo mini riga
mai lamba ɗari biyu da sha bakwai,
ta tsaya a saman cibiya, ta ƙi sauka.
Ni Lauwali mai walda, na bakin titin Mabera,
rabona da gudu tun ranar da kare ya bi ni
a bayan gidan kawuna, can Boɗinga.

Kulu ce ta ja ni.
Shekara huɗu ina liƙe mata keke,
mai taya uku, mai feda a hannu.
Ranar Laraba ta ce,
"Ka iya gyaran ƙahwahun mutane,
taho mu ga naka in suna aiki."

Asabar, bayan asuba, bakin filin Giginya.
Rana ba ta fito ba, amma ta aiko da saƙo.
Ga 'yan ƙwallon hannu zaune kan allunansu,
boris huɗu a ƙarƙashi, silifa a tafi.
Ga Modi makaho, zare a wuyan hannunsa,
ɗaya bakin a hannun ƙanensa,
mutum biyu, numfashi ɗaya.
Ga ma'aikatan banki
da takalman da ba su taɓa gaisawa da ƙasa ba.
Muna jiran usur, wani kurma yana kallon tuta,
ya riga mu tashi.

Kilomita biyar, in ji su.
Ta farko na yi ta da girman kai,
ta biyu da salati.
A ta uku tuwon jiya ya farka
yana tambayata wa ya aike ni.
Modi ya wuce ta gefena, ya ce wa ƙanensa,
"Wa ka hura zugazugi bisa titi?"

Dab da Raun Mairuwa na tarar da kekenta tsaye.
Mariƙin sarƙa ya ɓalle
daidai inda na ɗiga wuta watan jiya
ina sauri in samu jam'in Magariba.
Ta dube ni, ta dubi wurin.
Da zagina ta yi, da ya fi sauƙi.

Babu filaya, babu waya, babu inji.
Na durƙusa, na zare igiyar takalmin dama,
na naɗa, na ƙara naɗawa, na ja ƙulli da haƙori.
"Tana kaiwa?"
"In Allah ya yarda."
"Hakanga kac ce wancan wata."

Ta murza. Sarƙa ta kama.
Takalmina yana tafi shi kaɗai a bayana,
ƙirjina maƙera, idona taurari da rana tsaka,
sai na kai hannu na dafe ƙarfen bayan kujerarta.
Kafaɗunta suna hawa suna sauka
kamar mai jan guga a rijiya mai gaba ashirin,
ni ne gugan.

Wani mai shayi ya ɗaga ludayi sama,
"Allah shi biya ka, bawan Allah, tura ta!"
Na buɗe baki in gyara zance,
babu iskar da zan gyara da ita.
Kulu ko waiwaye ba ta yi ba.
"Malam, yi mashi addu'a dai, ni ka jan shi."

Muka shiga fili, motar asibiti kaɗai a bayanmu.

A ƙarƙashin rumfa aka zazzage kwali.
Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa:
kujerar wasa biyu, masu karkatattun tayoyi,
da canjin da bai kai rabin ta uku ba.
Su kuwa 'yan wasan su tara ne.

Yau Litinin. Cinyoyina ba sa magana da ni.
Igiyar tana rataye a ƙusa, baƙa wuluk da giris.
Na share ƙasan shago,
na zana taya da alli, na karkatar da ita,
na goge, na sake.
Kulu ta ce atisaye ranar Alhamis ne,
kuma wannan karon in yi sallah tukuna
kafin in kunna wuta.